Ƙirjin Aro

Duk wanda ya san Unguwar Gabas ta Sabon Gari ya san garejin Japheth, kuma har yau masu wucewa ta wurin sukan tofar da yawu. Bakanike ne mai hannu, amma zuciyarsa ta fi hannunsa sauri.

A lokacin 'ya'yan masu hali da ke karatu a Samaru sun shiga yayin sayen tsofaffin motoci masu tobo, wato wannan katantanwar ƙarfe da ke ɗura wa inji iska. Kowa so yake a ƙara wa tasa ƙarfi, ya tsere wa abokansa a hanyar Shika. Japheth yakan sa tobo mai girma, ya sauya nozul mai fesa wa inji mai, ya buɗe salansar hayaƙi. Sai dai tsohon inji tsoho ne. Kwana kaɗan gaskit ya ƙone, fistin ya narke. Ran da wani ɗalibi ya jawo masa mota tana ta hayaƙi, ya kira shi maƙerin gwangwani a gaban jama'a, ranar Japheth ya nufi bayan kwata wurin wani boka.

Da tsakar rana ya isa. Bokan na zaune cikin gawar wata tsohuwar bas, ungulaye jere a kan rufinta. An rataye huhun dabbobi a jikin ƙarafan taga, wasu sun bushe, wasu na ɗigar ruwa, ƙudaje sun yi musu baƙi. A tsakiya akwai tukunya cike da wani abu mai kama da giris, yana motsi shi kaɗai kamar cikin mai barci. Wari ya cika wurin.

"Baba, inji nake so ya ɗauki ƙarfin da na ba shi, kada ya fashe."

Boka ya yi dariya ba haƙori. "Kai bakanike, ka ɗora wa tsoho kayan saurayi. Ƙirjinsa ya gaji. Sai dai a ara masa wani."

"A ina ake samun na aro?"

"Mutum nawa ke kwana a gidanka?"

Japheth ya ce, "Ni ba na zubar da jini, Baba. Kirista ne ni."

"Wa ya ce jini? Iska ce kawai. Ka taɓa jin wanda aka kai kotu don iska?" Ya ɗebi abin tukunyar cikin ƙoƙo ya miƙa masa. "Duk tobon da za ka ɗaura, ka shafa masa wannan, ka sa baki ka hura. Sauran ba ruwanka. Amma kada rufin gidanka ya rasa masu kwana."

Tambaya ɗaya ta rage, Japheth ya san ta sarai. Bai yi ta ba. Ya karɓi ƙoƙon ya fita.

Mota ta farko da ya hura wa ta yi abin da ba a taɓa gani ba. Tsohuwar da a da ke nishi a gadar Kwangila sai ga ta tana fito kamar shaho, lagireto ko ɗumi ba ya yi. Labari ya bazu. Daga Kaduna da Kano aka riƙa kawo masa motoci. Ya gina gidan sama a Hanwa, ya saya wa coci janareta, Fasto ya sa masa albarka a gaban kowa.

Mahaifiyarsa, Mama Bibiana, ita ta fara kamuwa. Tana tsinke zogale a tsakar gida sai numfashi ya ɗauke mata, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Majinar da take tofarwa baƙa ce, tana warin ƙonannen mai. Likitoci suka duba ba su ga komai ba. Ta kama rigarsa ta ce, "Ɗana, kamar wani ne ke tsotse ni." Ranar da aka yi wata babbar tsere a hanyar Shika ta cika, baki a buɗe.

Japheth ya yi kuka a bakin kabari. Washegari ya hura wa wata mota.

Sai matarsa Rhoda, wadda ita ke ba da waƙa a Zumuntar Mata. Tana tsakiyar baiti a coci muryarta ta yanke, wani siririn fito ya fito daga maƙogwaronta. Japheth ya gane fiton, kullum yana jin sa a ƙarƙashin bonet. Da suka koma gida ta dube shi ta ce, "Maigida, me ya sa bakinka ke warin mushe tun da muka yi arziki?" Daga baya hankalinta ya gushe. Ta riƙa yage kaya tana rarrafe a ƙasa, tana lasar man da ya ɗiga daga mota. Danginta suka zo suka tafi da ita.

A nan mai sauran imani zai tsaya. Shi kuwa Japheth ƙauyensu ya tafi, ya kwaso dangi marasa galihu, gwauraye da tsofaffi da masu neman aiki. Ya ce gida ya yi masa girma, su zo su zauna kyauta. Suka durƙusa suna masa godiya. Ya saya musu katifu sababbi, ya riƙa tambayar su ko sun yi barci lafiya.

Ɗaya bayan ɗaya suka fara tari. Bayan an fitar da gawar kawunsa, wata gwaggonsa ta tara sauran ta ce, "Gidan nan cin mutane yake yi." Kafin ya dawo daga gareji sun watse, ko takalma wasu ba su ɗauka ba. Ya sa a nemo masa 'yan haya kyauta, babu wanda ya zo. Mutum ɗaya ya rage a ƙarƙashin rufin, shi kansa.

Ya ruga bayan kwata yana haki. "Baba, a kwance aikin nan!"

Boka bai ko ɗago ba. "Motocin da ka hura wa suna ina? Wasu Legas, wasu Maiduguri. Je ka ce su daina taka totur."

Gidan Hanwa yanzu kango ne, garejin ya zama juji. Japheth na zaune a bakin titin Samaru inda masu keke mai ƙafa uku ke lodi, ƙasusuwan ƙirji a waje, baƙin yawu na bin gemunsa, ƙudaje na shiga bakinsa suna fita. Duk motar da ta wuce da gudu sai ya ɗaga hannu yana roƙon ta sassauta. Ko masu sadaka daga nesa suke jefa masa.

Kai mai sauraro, in ka ga abu ya kai iyakar ƙarfinsa, ka bar shi a nan, ka ci halalinka ko da kaɗan ne. Boka ba ya ba da kyauta. Abin da ya miƙa maka da hannun dama, daga ɗakin uwarka ya ɗauko shi.