Folda a Cikin Folda

Ranar da Huzaifa ya fara shiga ofishin makarantar Malam Ja'afaru a Ikara, aikin minti goma ne ya kawo shi daga Kudan, amma sai da ya share awa biyu. Ummuhani ce sila, 'yar mai makarantar, wadda ke shigar da makin ɗalibai a kwamfuta. Ba ta iya ganin abu ta ƙyale. Rediyon gidansu ma ta taɓa kwance shi don ta ga ta inda magana ke fitowa.

Wata 'yar manhaja ya zo saka musu, wadda ya rubuta da kansa. Ita za ta kwashe makin, ta fitar da katin kowane ɗalibi, ta ajiye na kowane aji a foldarsa. Ummuhani kuwa kowane layi sai ta tambayi amfaninsa. Yana amsawa yana satar kallonta, ita ma ba wai ba ta gani ba ne.

Cikin mako uku waya ta ɗauki zafi.

"'Yar tambaya, yau wacce ta rage?" ya rubuto.

"Ɗaya ce, Injiniya. Me ya sa manhajar nan ba ta buƙatar dubawa sai ranar da nake ofis?"

Da maganar aure ta taso, Malam Ja'afaru bai yi na'am ba. Hankalinsa ya fi kwanciya da Bilya, malamin lissafi ɗan Gubuchi, wanda ya daɗe yana kai gaisuwa. Sana'ar da ba a ganinta da ido, in ji shi, ba ya ɗora 'yarsa a kanta. Da Ummuhani ta dage, sai ya sa sharaɗi: in sakamakon wannan zango ya fita lafiya, yaron ya turo magabatansa. In an samu matsala, a bar maganar.

Ranar Talata, saura kwana biyu a ba da hutu, aka kunna manhajar. Ta gama aiki, sai foldar aji ɗaya kaɗai a allo. Sauran ajujuwa biyar babu su, har makin da Ummuhani ta yi wata guda tana shigarwa. Bilya ya leƙa sau ɗaya ya ce an goge, ya ƙara da gishirinsa. Malam Ja'afaru ya kulle ofis, ya ce kada ya ƙara ganin ƙafar Huzaifa a makarantar.

"Wallahi na gwada ta a kwamfutata lafiya lau, Hanina. Ko ke ma kin yarda da su?" Huzaifa ya rubuto wa Ummuhani.

Ta karanta, ba ta amsa ba. Ta san shirun zai ci masa rai, ita ma ya ci mata, don son shi take ba da wasa ba. Amma ba ta son ba shi haƙuri hannu banza, kuma wani abu ya tsaya mata: in gogewa manhajar take yi, me ya sa ta bar aji ɗaya?

Washegari da safe ta durƙusa gaban mahaifinta ta roƙi mukulli. Ta buɗe foldar aji ɗaya, ta bi katuna sittin ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, inda ba wanda ya damu ya duba. Ga foldar aji biyu a laɓe. Ta buɗe, ga ta aji uku a cikinta. Haka har shida, kamar samirun lefe, ƙarama cikin babba.

"Injiniya, yaranmu suna nan ƙalau. Manhajarka tana shiga folda, in ta gama ba ta komawa inda ta taso, sai ta buɗe ta gaba a nan inda take. Da aji nawa ka gwada ta?"

"Ɗaya," ya amsa. Kafin azahar ɗan acaɓa ya sauke shi.

Malam Ja'afaru ya zaci musu zai ji. Sai Huzaifa ya cire hula ya ce, "Baba, laifina ne. Ban sa ta riƙe inda take tsaye kafin ta shiga ba, kuma ni ban gano ba, Ummuhani ce ta gano." Ya ƙara layi biyu, ɗaya ya adana wurin, ɗaya ya mayar da ita. Ummuhani ta tambayi abin da zai faru in aiki ya lalace wa manhajar tana cikin folda. Ya sosa ƙeya, ya gyara yadda ko ta yi tuntuɓe sai ta koma.

Dattijon ya daɗe yana kallonsu. Bai fahimci layukan ba, amma ya fahimci mutumin da ya amsa kuskurensa a gaban Bilya, abokin takararsa. Ranar Alhamis kowane yaro ya tafi gida da katinsa.

Bayan an cire masara aka ɗaura aure. Da motar amarya za ta tashi zuwa Kudan, Malam Ja'afaru ya riƙe hannun ango.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Ka dai riƙe inda ka ɗauko ta, Huzaifa. Ka riƙa kawo mana ita."

Daga cikin mayafi Ummuhani ta share hawaye ta ce a hankali, "Kar ka damu, Baba. Ni zan duba layin da kaina."