Layukan da Aka Shafa wa Ja

Ranar da Gumsu ta fara ganin Bilyamin, minti arba'in da ɗaya ya ɓata mata, agogon hannunta ne shaida.

Binciken kammala digirinta take yi, kuma tambayarta guda ce. Akwai manhajojin da ake sa wa tsohon shirin kwamfuta su kwance shi, su zana taswirar cikinsa don wanda bai rubuta shi ba ya gane. Shin da gaske suna taimako, ko surutun masu sayarwa ne? Ta tara masu harkar kwamfuta goma a ofishin ƙungiyar direbobin tirela da ke kasuwar shanu, inda mahaifinta Alhaji Kyari yake shugabanci. Biyar ta ba su manhajar, biyar ta hana su. Abin da za su gane shi ne shirin da ke tsara layin lodi, wanda yayanta Yunusa ya rubuta shekara tara da suka wuce. Allah ya yi masa rasuwa bai bar wa kowa bayani ba.

Kowa ya zauna yana dannawa, ban da mutum na bakwai, Bilyamin. Shi kallo ɗaya ya yi wa taswirar, ya miƙe ya fita wajen direbobi da biro a kunne.

"Malam Namba Bakwai!" Ta bi shi har ƙofa. "Agogo fa yana tafiya!"

"Ki bar shi ya tafi, Malama Mai Agogo. Taswirarki ta nuna min ɗakuna, ba ta faɗa min wa ke kwana a ciki ba."

Ta koma ta rubuta a takardarta: "Na bakwai ya lalata min gwaji." Sai dai murmushinsa ya biyo ta har kujera.

Mai gyaran waya ne, ɗan Nangere, shagonsa na bakin tasha. Bayan la'asar saƙonsa ya shigo wayarta.

"Mai Agogo, na ci jarrabawar ko na faɗi?"

"Kai ne na ƙarshe. Na ɗaya minti sha biyu ya yi."

"To ki tambaye shi me ya sa motar Sajo ke bin ta Ayuba kullum. In ya sani, na yarda na faɗi."

Ta tambaya. Na ɗayan bai sani ba. Haushi ya hana ta cin abinci, ga shi ta karanta saƙon ya fi sau goma.

Haka suka yi mako uku. Ya zo ya ba ta haushi, ya tafi ya bar ta da kewa. Ran nan ta nuna masa wasu layuka arba'in da manhajar ta shafa wa ja. Sati uku tana sa ido a kan shirin, ba su motsa ko sau ɗaya ba, don haka ta ce matattu ne.

"Kar a taɓa su," in ji shi. "Yayanki ba ya rubutun banza. Ban gane su ba tukuna, amma zan gane."

"Kai komai sai ka yi gardama da na'ura?"

"Da ke kaɗai ba na gardama, Gumsuna."

Ta juya fuska don kar ya ga abin da ke kanta.

Da maganar ta kai kunnen Alhaji Kyari, sai ya ajiye kofin shayinsa da ƙarfi.

"Mai gyaran waya? Ga Abdulrahim ɗan ƙanwata ya dawo daga Abuja da digiri biyu, ke kina kallon bakin tasha?"

Abdulrahim kuwa ya zo da kwamfuta mai tsada da manhaja irin tata, wadda aka biya kuɗinta cikakke. Alhaji ya ba shi makullin ofis ya ce ya gyara shirin, ya yi nauyi.

Ranar kasuwa ta gaba rigima ta ɓarke. Sajo, tsohon direba, ya dawo daga zaman makokin mahaifiyarsa, sai allo ya jefa shi na talatin da huɗu. Direbobi suka cika ofis da hayaniya. Su a al'adarsu, wanda aka yi wa rasuwa shi ke fara lodi in ya dawo, tun zamanin da ake rubuta layi a littafi. Yau kwamfuta ta ci mutuncin dattijo a gaban jama'a.

Alhaji ya shigo gida yana huci.

"Yaron nan naki ne! Sati uku yana shawagi a ofishina da biro a kunne. Kar in ƙara jin sunansa a gidan nan!"

Gumsu ta shige ɗaki, hawaye na zuba, ta rubuta: "Sau nawa na ce ka bi taswira ka daina ƙirƙire-ƙirƙire? Ka ja min, ka ja wa kanka. Kar ka kira ni."

Amsa ta zo nan take. "Ban taɓa ko harafi ba. Ke mai bincike ce, Gumsuna. Ki bincika kafin ki yanke min hukunci."

Wannan ya fi komai ƙona mata rai, saboda gaskiya ya faɗa. Ta share fuska ta jawo kwamfutarta. Tana da kwafin shirin na asali da ta ajiye don bincike. Ta sa manhajar ta gwada shi da wanda ke ofis yanzu. Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta fito: layuka arba'in sun ɓace. Jajayen nan.

Washegari da hantsi ta isa ofis, ta tarar da mahaifinta da Abdulrahim da Sajo. Ta riga ta aika wa Bilyamin cewa ya zo, yana tsaye a bakin ƙofa da littafinsa.

"Yaya Abdul, ka cire wani abu a shirin nan?"

"Shara kawai," ya ce yana gyara tabarau. "Matattun layuka arba'in. Manhajar da kanta ta nuna su da ja. Ai godiya ya kamata a yi min."

"Wayyo Allah na!" Ta dafe kai. "Ka tambayi wani kafin ka goge?"

"In tambayi wa? Direbobi?"

Sajo ya ɗago ya dube shi.

Bilyamin ya durƙusa. "Baba, a ba ni izini." Alhaji ya ɗaga masa hannu ba tare da ya kalle shi ba. "Layukan nan ba sa tashi sai sakatare ya sa alamar rasuwa a gaban sunan direba. Sati ukun da aka yi ana gwaji ba a yi wa kowa rasuwa ba, shi ya sa manhajar ta ɗauka sun mutu. Jiya na gane, da Baba Sajo ya ba ni labarin al'adar. Marigayi Yunusa ya sa ta a ciki don kar a manta."

Alhaji ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Shekarar da kakarsa ta rasu ya rubuta wannan," ya ce a hankali. "Ya ce min, Baba, ko ba ma nan, za a riƙa tausaya wa mai makoki." Ya goge ido da bakin rigarsa. "Za su dawo?"

Gumsu ta dawo da su daga kwafinta, Bilyamin ya duba su ɗaya bayan ɗaya, minti hamsin cur, tana tsaye tana cije leɓe. Sunan Sajo ya hau saman allo. Abdulrahim ya ba dattijon haƙuri, ya naɗe kwamfutarsa ya fita.

"Kai, ɗan Nangere," in ji Alhaji. "Ka ce wa manyanka ina gida ranar Asabar."

A babin ƙarshe na bincikenta Gumsu ta rubuta cewa manhajar ta gano abin da ya ɓace cikin minti ɗaya, aikin da zai ci wa mutum kwana biyu, amma manhajar ce kuma ta sa aka goge shi, don ba ta san dalilin rubuta shi ba. Malamin da ke duba aikinta ya ja layi biyu a ƙarƙashin wurin.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a gidan Alhaji da ke Ngojin. Tireloli suka jeru har bakin titi, Sajo ne a gaba yana danna ham. Ango kuwa ya makara, ya tsaya gaisawa da direbobi ɗaya bayan ɗaya.

"Namba Bakwai, minti arba'in da ɗaya!" ta rubuta masa daga cikin lulluɓi. "Wallahi ka ishe ni."

"Ajiye agogon, amaryata. Na zo ke nan, ba inda za ni."

Alhaji Kyari ya haɗa hannuwansu. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Allah ya jiƙan Yunusa."

Gumsu ta ce amin, ta kwance agogon ta sa a aljihun mijinta.