Shuka Babu Iri

Na'urar da aka damƙa wa jagorancin shamuwa talatin da ɗaya, waɗanda su ne suka rage a duniya, ta sauka a kan tsamiyar ƙofar Cibiyar Tsuntsaye ta Birnin Marke ranar Talata, sha huɗu ga Yuli, 2093, da ƙarfe goma da minti shida na safe. Ta naɗe fukafukanta, ta juya kai hagu da dama kamar yadda aka tsara mata, ta yi ƙarar da take kiran na baya da ita. Babu tsuntsu ko ɗaya a bayanta.

Dakta Rakiya Tanimu, shugabar sashen ƙaura ta cibiyar, tana tsaye a gindin tsamiyar. Ita ce ta tsara tunanin na'urar. Ta kuma sani tun kwana biyu kafin nan cewa haka za ta sauka.

Sunan na'urar Jagaba. Girmanta da launinta na shamuwa ne, baƙin baya da farin ciki, sai dai fukafukanta na shan hasken rana suna caja mata batir, kuma akwai kyamara a ƙeyarta mai ƙirga masu bin ta. An ƙera ta ne saboda tsofaffin tsuntsayen da suka san hanya sun ƙare. Feshin maganin fara ya kashe wasu, wayoyin lantarki suka kashe wasu, aka sare itatuwan da suke sheƙa a kai aka kafa benaye. Waɗanda suka rage a cikin cibiyar aka ƙyanƙyashe su, kuma abin da suka fara gani da ido shi ne Jagaba. Inda ta tashi nan suke tashi. Inda ta tsaya nan suke tsayawa, ko da babu abin ci.

Shekara huɗu ana sarrafa ta daga ofis. A shekara ta biyar wasu ɓarayin tsuntsu suka kutsa cikin layin umarni, suka sauke garken a wani kwari, suka kwashe tara. Daga nan hukumar cibiyar ta ce a toshe layin gaba ɗaya. Jagaba za ta riƙa aiko da rahoto kowace safiya, amma ba za ta karɓi umarnin kowa ba, har da na wadda ta tsara ta. Idan mutum ko mota ko jirgi ya matso, za ta tashi da garken, sai a tsamiyar cibiyar kaɗai take yarda a taɓa ta. Abu ɗaya kawai take karɓa daga waje, hoton tauraron ɗan'adam.

Sai aka bar wa Rakiya tambaya ɗaya: da me na'urar za ta gane damina ta zauna a Marke, ta taso daga zangon ƙarshe? Hasashen yanayi ya daina aiki tun da daɗewa, ruwa kan sauko sau biyu ya ɗauke wata guda. Ta shafe watanni tana bin hotunan shekara sittin, sai ta gano wata alama da ba ta cika kuskure ba. Duk ranar da manoman kewayen Marke suka fita shuka, ruwa kan zauna cikin makon. Ta rubuta wa Jagaba doka: idan kashi ɗaya cikin uku na gonakin suka nuna saran shuka, ki taso. An yaba wa aikin a taro biyu. Bana ne aka fara aiki da dokar.

Garken ya iso zangon ƙarshe ranar biyu ga Mayu. Wurin wani tsibirin ciyawa ne can kudu, tafiyar kwana tara a sama, gonakin rake na kamfanoni sun kewaye shi ta ko'ina. Farar da ke cikinsa za ta ciyar da su mako uku. Bayan nan sai wadda iska ta koro daga gonakin da ake wa feshi.

Mako uku ya wuce Jagaba ba ta motsa ba. Ranar talatin ga Mayu rahoton safe ya nuna talatin. Rakiya ta ce kuskuren kyamara ne. Washegari ya nuna ashirin da tara.

Injiniya Barau Gwadabe, wanda ya ƙera jikin na'urar, ya kwana uku yana bincike, ya ce ƙarfensa lafiya lau, a tambayi masu tunani. Shi da Rakiya sun saba da tsokanar juna, yana ce mata 'yar bene wadda ba ta taɓa taka kunyar gona ba, tana ce masa maƙerin gwangwani. A wannan makon ba ta mayar masa ba. An aika ma'aikata biyu da buhunan fara zuwa zangon. Suna nesa da kilomita guda Jagaba ta tashi da garken, ta yi ta kewaya sama har suka janye. Da safe adadin ya koma ashirin da shida. Ba a sake aikawa ba.

Ruwa ya sauka a Marke sau uku a Yuni. Rakiya na buɗe hoton tauraro kowace safiya kafin ta buɗe rahoto, gonakin suna nan a share, babu sara ko ɗaya. Ranar da adadin ya kai ashirin da biyu ta hau jirgin ƙasan kewaye zuwa bakin gari, inda benayen suka ƙare gonaki suka fara, ta nemi gidan Sarkin Noma Jatau.

Ta same shi a zaure yana gyaran ƙotar sungumi, duk da injin shukarsa na ajiye a rumfa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi gida da aiki da mutanen cibiya ɗaya bayan ɗaya, tana amsawa tana kallon agogo. Da aka gama ta ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ya sauka sau uku. Me ya hana shuka?"

"Shamuwa ba ta zo ba," in ji shi.

Ta ɗauka bai ji tambayar ba, ta maimaita. Ya ajiye sungumin ya yi mata bayani a hankali, kamar mai koya wa baƙo hanyar kasuwa. Ya ce tun kakanninsu ba a zuba iri a Marke sai shamuwa ta sauka a kan itace an ga ta fara ɗaukar kara don sheƙa. An taɓa barin wannan a zamanin mahaifinsa, aka bi hasashen waya, iri ya ƙone a ƙasa shekara biyu a jere, aka dawo. Ya ce su ma a tsorace suke, don gero ba ya jiran kowa, kuma kullum ana turo masa tambaya daga unguwanni.

"Ku ne masu tsuntsun yanzu, Dakta. Ni ma da niyyar aiko muku nake, in ji ko lafiya."

Hotunan shekara sittin Rakiya ta duba, ba ta taɓa zuwa zauren nan ta tambayi abin da manoman ke kallo kafin su fita ba. Ba su ne suka san ruwa ba. Tsuntsun ne ya sani, su kuma suna bin sa. Ta faɗa masa yadda abin yake ba tare da ta rage komai ba: na'urar na can tana jiran su shuka, su suna nan suna jiran ta iso, tsuntsayen kuma suna mutuwa a tsakani.

Jatau ya ce, "Wato mu kuka sa ta bi."

"Ni na sa, Baba."

Ya tambaya ko ba za a kira ta a waya ba, ta ce an toshe. Ya tambaya ko ba za a ɗauko ta da hannu ba, ta ce gudu take yi. Ya ce shi ba zai ce wa jama'a su zuba irinsu kan maganar ƙarfe ba, don wanda ya rasa iri a Yuli ya rasa shekara. Ta ce ba iri take roƙo ba. Tauraron ba ya ganin abin da ke cikin rami, saran kawai yake gani. A fita a sara, a rufe, kada a zuba komai.

"Mu yi wa ƙasa ƙarya ke nan," in ji shi.

"Na'ura za mu yi wa, ranka ya daɗe."

"Ƙasar za a sara ai."

Bai ƙi ba, amma ya ce magana irin wannan ba ta mutum ɗaya ba ce. Sai ya tara masu unguwanni goma sha ɗaya, su kuma su tara nasu. Ta roƙe shi a aika saƙo ta waya a yini ɗaya. Ya ce babu manomin da zai fita saran banza don ya ga rubutu, sai ya ji daga bakin wanda ya sani, ya kuma ga Sarkin Noma ya fara. Taron ya ci kwana tara. Wasu sun ce raini ne, wasu suka ce idan maƙwabta suka gan su ai sun zama abin dariya har jikoki. A cikin kwanakin nan adadin ya sauka daga ashirin da biyu zuwa goma sha bakwai. Rakiya ta daina cin abincin safe. Barau ya daina kiran ta 'yar bene.

Ranar biyar ga Yuli Jatau ya shiga gonarsa da sungumi, ya sara, ya taka, ya matsa gaba, ƙwaryar iri a hannunsa babu komai a ciki. Ya ce ya riƙo ta ne don hannu ya saba. Kafin azahar injina da mutane sun cika gonakin gabas. Babu kiɗa, babu waƙar da aka saba. Kwana uku ana yi. Ranar takwas ga wata hoton tauraro ya nuna kashi talatin da huɗu cikin ɗari, kuma da ƙarfe bakwai na safe Jagaba ta tashi da tsuntsu goma sha shida.

A nan wata dokar ta fara aiki, wadda ita ma Rakiya ce ta rubuta ta: idan an makara, a ƙara awannin tafiya. Ta rubuta ta ne da tunanin makarar kwana uku da tsuntsaye masu ƙoshi. Jagaba ta yi awa goma sha ɗaya a sama ranar farko. Rahoton safe ya nuna goma sha biyu. Na gaba ya nuna takwas, na gaba biyar. Barau ya ce mai yiwuwa suna baya ne inda kyamara ba ta kaiwa. Ranar sha biyu ga wata rahoton ya zo da sifili, na'urar kuma ta ci gaba da tafiya kan lokaci.

Mutane sun taru a ƙofar cibiyar ranar da ta sauka, har da Jatau. Ya daɗe yana kallon ta a kan reshe tana kira. Wani mai unguwa ya tambaye shi a hankali ko wannan ta isa a ce shamuwa ta zo. Ya ce bai ga ta ɗauki kara ba.

Da yammacin ranar wani masunci daga gaɓar kogin Binuwai ya turo wa cibiyar hoton da ya ɗauka daga cikin kwalekwale. Akwai ɗigo huɗu baƙaƙe a kan wani tudun yashi, nesa ƙwarai. Ya ce tun jiya suke wurin, ba sa tashi, ba sa kiwo, suna fuskantar arewa. Na'urar tantance hoto ta kasa cewa shamuwa ne ko wani tsuntsun ruwa. Masuncin ya ce kogin na cikowa, tudun ba zai wuce kwana biyu ba.

Rakiya da Barau sun tashi da asubahin Laraba, Jagaba na kwance a bayan mota an cire mata batir, don tsuntsayen ba za su bi kowa ba sai ita. Ambaliya ta yanke hanya kilomita arba'in kafin gaɓar. Zuwa tsakar ranar Alhamis suna neman jirgin ruwa, kuma wayar masuncin ba ta shiga.