Aiki Ne Ko Aure?

A zauren ƙwallon kwando na wata sakandare a jihar Kansas ta Amurka Lamont Prewitt ya fara ganinta. Kwalejinsu ce ta turo shi ya duba wani dogon yaro da suke son ɗauka. Ganin yadda take ihu duk sanda yaron ya zura ƙwallo, sai ya ɗauka yayar yaron ce. Ya matsa kusa, ya yi ta koɗa mata kwalejinsu har aka tafi hutu.

"Ka gama?" ta tambaya tana danne dariya. "Odessa Culver. Ni ma mataimakiyar koci ce. Ƙanwar yaron na zo dubawa."

Ya rasa inda zai sa kansa. Ita ce ta karɓi wayarsa ta sa masa lambarta.

Soyayyar ta koma ta waya, don aikin koci ba ya barin mutum wuri ɗaya. Lamont ya tashi daga mai haɗa bidiyon wasanni ya zama mataimaki a Ohio, ita kuma aiki ya kai ta Texas.

"Ɗan ruɗuna, an ci ku?" ta kan rubuto.

"An ci mu, zumata. Amma da na ga sunanki na huce."

Ranar da ya je gaida mahaifiyarta, Mama Loretta ba ta ɓoye masa ba.

"Yaro, ba ƙinka nake ba. Babanta koci ne, rabin rayuwata a naɗe kaya ta ƙare. Koci ɗaya ma ya ishi gida, ina ga biyu?"

Ga kuma wani likitan haƙori na cocinsu da ke son Odessa, mai gidan kansa, duk Lahadi yana kan teburin cin abincinsu.

Ana cikin haka kakar wasa ta yi wa su Lamont muni. Aka sallami babban kocinsu, korar ta haɗa da shi. A makon ne aka ba Odessa kujerar babbar koci a wata ƙaramar kwaleji a Montana. Ya taya ta murna, daga nan kunya ta sa ya rage kira.

Sai ga saƙonta: "Ina neman wanda zai zauna a gefena. Ka zo Asabar, Mama ma tana nan. Ka sa kwat."

Kansa ya ɗaure. Mataimaki take nema? To me ya kawo Mama ciki? Ko sallamarsa za a yi cikin mutunci saboda likitan? Abokinsa ya ce, "Aiki ne, malam." Yayarsa ta ce, "Aure ne, sakarai!"

Ya kama hanya, takardun aiki a jaka, zoben kakarsa a aljihu.

A ofishinta ya same su. Bai ko zauna ba.

"Odessa, don Allah fitar da ni daga duhu. Aiki ne ko aure?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni kaina ban sani ba, Lamont. Duka nake so. Amma kwalejin nan ba ta yarda in ɗauki mijina aiki ba. Na kasa zaɓa, shi ya sa na kira ka."

Ya dubi jakar takardunsa. Tun yana yaro yake mafarkin kujerar kocin kwaleji ta bakin fili, kuma ya san in ya sake ta da wuya ta dawo. Ya ajiye jakar a ƙasa, ya durƙusa, ya ciro zoben daga aljihu.

"Na ji sakandaren garin nan tana neman koci," ya ce. "Ko ba ta nema ma, ke na zaɓa."

Mama Loretta ta daɗe tana kallonsa, sannan ta share ido da bayan hannu.

"Ke kuma me kike jira? Miƙa masa hannun mana, gwiwar yaron za ta yi ciwo!"

Da bazara aka ɗaura auren a ƙaramin cocin garin, 'yan wasan Odessa suna ta shewa daga kujerun baya. A bakin ƙofa Mama Loretta ta dafa kawunansu.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka. Lamont, daga yau ka ce mini Mama."