Minti Ɗaya Kafin Sifili Biyu

A ɗakin na'urori na tashar lantarki ya fara ganinta, durƙushe gaban wani tsohon akwatin ƙarfe. Aikinta gwada agogon da ke cikin kowace na'ura, don tsofaffin na'urorin lamba biyu kawai suke riƙewa na shekara. Da zarar 99 ta juya 00, sai su rikice su yanke wuta.

"Sannu 'Yar Agogo," in ji shi.

"Sannu Dogo. Matsa mana, ka tare min haske."

Shi ke nan fa, zuciya ta kamu. Kullum tare suke gwaji, na'urar da ta faɗi su manna mata jar takarda.

Ashe mataimakin manaja ma yana sonta. Sa-Hannu ake ce masa, don bai taɓa gwada komai ba, sai rattaba hannu. Manajan kuwa mahaifinta ne. Munafukin ya bi ya ɓamɓare jajayen takardun, ya ce Dogo ke ƙirƙiro matsala don ya liƙe wa yarinyar. Aka dakatar da Dogo.

"Kada in ƙara ganinsa a ƙofar gidana," in ji Baba.

Da yamma saƙon Dogo ya iso mata: "An ce ke ma kin sa hannu cewa ƙarya na yi. Ba komai, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ranta ya ɓaci. Ta rubuta: "Ni, Dogona? Wallahi sai na rama maka. Litinin da hantsi ka tsaya bakin get ɗin tasha."

Ranar Litinin ta roƙi Baba ya zo da ma'aikata. Ta zaɓi na'urar da ke ba ofishin Sa-Hannu wuta.

"Yallaɓai, wannan sa hannunka ne, ko? Lafiyarta lau?"

"Ƙalau," ya ce yana gyara hula.

Ta tura agogon gaba, saura minti ɗaya shekara ta ƙare. Kowa ya zuba ido. Lamba ta juya 00, sai ƙwas! Fitilun ofishinsa suka mutu, fanka ta tsaya.

"Irinta arba'in ne, Baba, har da ta layin asibiti. Duk Dogo ya gano su, duk Yallaɓai ya ce ƙalau."

Gumi ya wanke Sa-Hannu. Ai ramuwar gayya ta fi gayya zafi! Ko tausayinsa ba ta ji ba.

Baba ya taka da kansa har bakin get.

"Ɗana, na zalunce ka. Ka dawo aiki, ka kuma turo manyanka."

An canza na'urorin kafin shekara ta juya, aka ɗaura aure bayan ta juya. Da aka kawo katin gayyata, Dogo ya ƙyalƙyale da dariya, don amarya ta sa an rubuta shekarar da lamba huɗu cif.

"Ba na son aurenmu ya koma sifili," ta ce.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya haskaka gidansu.