Ruwan da Kiyashi Ya Ƙi

Shekarar da famfo ya ƙafe a Nima, ranar wata Talata da hantsi, Mma Hamsatu ta faɗa caji ofis ko sallama babu. Ta dire wata jakar roba a kan teburin Sufeto Musah.

"An kashe mini jika. Zelia, shekararta huɗu. Jiya muka binne ta. Kuma wai ni na kashe ta da ƙazantar ruwan gidana."

"Zauna, Mma. Wa ya faɗi haka?"

"Ba zan zauna ba! Mutanen asibitin unguwa mana. 'Yar gudawa ce ta kai ta wurinsu, da ƙafarta ta shiga. Kwana uku ba ta sha komai ba sai ruwan jakar nan tasu. Kullum sai ta ce, 'Kaka, da ɗaci.' Kai ɗan nan, ruwan sukari yana ɗaci?"

Sufeto ya ɗiga ragowar ruwan jakar a harshe. Zaƙi ya fara zuwa, ɗaci ya biyo baya. Ya tofar, ya ɗauki hularsa da makullin mota.

Asibitin ɗaki uku ne a Maamobi. Dokta Jamiu, mai wurin, ya karɓi jakar yana ta gyara tabarau.

"Ni na zo da su daga waje," in ji shi. "Duba gefen nan. Tantani ne, kamar na cikin ƙwai. A zuba sukari a ciki, a ɗaure baki, a tsoma a duron ruwan rijiya. Sukarin shi ke jawo ruwa ta tantanin. Datti da ƙwayar cuta ba sa iya wucewa."

"In babu sukari fa?"

"Ko ɗigo ba zai shiga ba."

"Awa nawa take cika?"

"Daga asuba sai azahar. Sufeto, jakata ba ta kisa. Ka tambayi tsohuwar me take ba yarinyar a ɓoye."

Ka ji fa, in ji Sufeto a ransa. Mai takarda ba ya laifi, sai talaka.

Sufeto ya sami Nas Lamisi a baranda tana wanke allura.

"Wa ke haɗa jakunkunan?"

"Garuba, mai sito. Mutum ne mai himma, masa Sufeto. Dā sai azahar muke samun ruwa. Wata biyun nan kuwa, ƙarfe bakwai ya kawo su cike."

"Ƙarfe nawa yake zuwa aiki?"

"Shida."

"Kin gaya wa Dokta?"

Ta sunkuyar da kai. "Yara na kukan ƙishi. Murna na yi."

Garuba na zaune bakin sito da carbi a hannu. Ya miƙe da fara'a.

"Sannu da zuwa, masa. Kowace safiya gwangwanin olonka guda na sukari nake rabawa a jakunkuna. Allah shaida."

Jakunkuna na rataye a ƙusa, ruwa na ɗiga daga bakin ɗaya har ya yi tabo a siminti. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

"Garuba, a gidana in ƙwayar sukari ɗaya ta faɗi, kafin in juya kiyashi ya yi layi. Ga naka yana ta ɗiga. Ina kiyashin?"

"Ina shara sosai, masa."

"Har tsakanin ɗigo da ɗigo? Buɗe buhun can."

"Na Dokta ne, ba a..."

Sufeto ya cusa hannu da kansa. Sukari iya tafin hannu a sama. Ƙasa duk yashi. A bayan buhun ga ƙullin alam, ga kwalbar sakarin mai sa zaƙi ya bar ɗaci a baki, ga mazurari.

Mma Hamsatu tana tsaye a ƙofa. Tun daga caji ofis ta biyo sawunsa da ƙafa.

Carbin ya faɗi daga hannun Garuba.

"Sukari ya yi wuya a gari, masa. Masu shayi a shataletalen Circle har roƙona suke. Sai na riƙa kai musu. Amma wallahi ban ba yara datti ba! Alam nake sa wa ruwan rijiyar ya kwanta, in tace da farin ƙyalle, in ɗura ta baki. Fari tas! Haka uwata ta shayar da mu, ba wanda ya mutu."

"Rijiyar da ke jikin gota, magudanar ƙazanta?" in ji Mma Hamsatu. "Uwarka a nan ta ɗebo muku? Maƙaryaci! Ka sayar da jikata a kofin shayi."

Dokta Jamiu ya cire tabarau. "Mma, ki yi haƙuri, ni..."

"Riƙe haƙurinka. A gaban mutane ka ce ƙazama ce ni, a gaban mutane za ka janye."

Sufeto ya sa wa Garuba ankwa, ya nufi mota da shi. Ta tare hanya.

"A'a. Da ƙafa za ku bi da shi, ta ƙofar gidana, Dokta na biye. Tun jiya ba maƙwabcin da ya yarda ɗansa ya sha ruwan randata."

Sufeto ya dube ta, ya dubi motar. Ya mayar da makulli aljihu.

"Shige gaba, Mma. Nuna mana hanya."