Rigar Da Aka Rage Sau Uku

Ƙwai ɗaya tal ya rage a kwando. Auta ta fasa shi a kofi, ta yanka albasa ta zuba, ta ƙara ruwa cokali biyu ta kaɗa iya ƙarfinta, wai ko zai kumbura ya yi kamar biyu. Da ta juye a kasko sai ta rage wutar gas har tana neman mutuwa, don kwana biyu ke nan in an girgiza tukunyar ba a jin motsin komai a ciki.

Ta ajiye farantin gaban mijinta da yankan burodi uku, da shayin da madara ta leƙa kawai ta wuce.

"Ke fa, Madam?" in ji Tela, mijin nata.

"Na ci kana wanka."

"Kullum sai ina wanka kike ci! Ko dai in daina wankan ne?"

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta juya baya tana goge teburin da babu abin da ya zuba a kansa. Shi kuma ya ci rabi ya ture farantin, ya ce akwai wata kwastoma da take aiko masa da abinci shago, kada ya cika ciki. Auta ta rufe sauran ta ajiye masa na dare. Wata na huɗu ke nan ana haka, kuma baiwar Allah ta ɗauka ita kaɗai ce mai ƙarya a gidan.

Shekara ɗaya da rabi da aurensu. A farko ba su da yawa, amma suna ci su ƙoshi. Sai kaya suka fara tashi kamar ana kora su: shinkafa, mai, sabulu, kuɗin mota, hayar shago, har zare da allura ba su yarda an bar su a baya ba. Mutum ya je kasuwa da safe ya ji farashi, ya koma da yamma ya ji wani. To wanda yake fama da tukunya, ina shi ina sabon ɗinki? Auta ta koyi raba sabulu gida uku, ta daina kunna firij, ta mai da nama baƙon ƙarshen wata. Duk wannan bai dame ta ba kamar magana ɗaya da Ummanta ta yi mata ana gobe ɗaurin aure.

Umma ba ta so auren ba. Ta ce ba ta raina sana'a, ita ma shekara talatin ta yi tana taka keken ɗinki a gida, shi ya sa ta san abin da allura take iya ciyarwa. Da ta ga Auta ta kafe sai ta ce, "Je ki. Amma ranar da na ga kin rame, a ranar zan ɗauke ki, ko da ɗankwalin kanki kaɗai."

Tun da abubuwa suka tsananta maganar nan take kwana take tashi da ita. Madubin ɗakinsu ƙarami ne, fuska kawai yake nunawa, don haka ta mai da wata riga ma'auninta: doguwar riga mai ruwan bula, wadda Umma ta saya mata yadin tun tana budurwa. A dalilin rigar ma suka haɗu. Ta kai ɗinki, ta ce ta manta da rigar awo a gida, shi kuma ya ɗago ya dube ta sau ɗaya ya sunkuyar da kai ya ce ba sai ta koma ba. Da ta karɓo, rigar ta zauna mata cif. Duk layin an san idon Tela ya fi tef.

Duk sati sai ta saka rigar ta shafa gefe da gefe. Cif take. Sai ta sauke ajiyar zuciya ta ce, to, har yanzu da sauranta.

"Af, na manta," in ji ta a safiyar nan, yana saka takalmi. "Umma da Yaya za su zo yau da la'asar."

Hannunsa ya tsaya a kan takalmin. "Yau? To... mai ruwan bular za ki saka ko? Ga ta can, jiya na dawo da ita, na gyara zif ɗin."

"Kai da rigar nan! Wancan watan ka ce guga, kafin nan ka ce maɓalli. Ko kishi kake da ita?"

"Sori, Madam. Aikin hannuna ne, ba na so ya kunyata ni."

Yana fita ta zazzage ɗan abin da ya rage a buhu ta ɗora. Ta goge gwangwanayen madara da na sukari waɗanda babu komai a ciki, ta jera su a kantar kicin suna ƙyalli. Ta yi wanka, ta shafa hoda, ta zura rigarta.

Yaya ce ta fara shigowa, makullin mota a yatsa, turarenta ya riga ta sallama. Matar ɗan kasuwa ce, kuma ba ta bari a manta. Umma na biye da ita a hankali saboda gwiwa.

Ko zama Yaya ba ta yi ba ta wuce kicin, wai ruwan sanyi take nema. Auta tana ji ta buɗe firij ta rufe. Tana ji ta ɗaga gwangwani ta ƙwanƙwasa, ya yi ƙarar da duk gidan sai da aka ji.

"Auta! Wannan kanta ce ko wurin ado? Umma, zo ki gani, wallahi ko tururuwa ta shiga nan sai ta fito da kuka!"

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. "Yau ne za a yi cefane, Yaya..."

Umma ba ta je kicin ba. 'Yarta take kallo, tun daga wuya har wuyan hannu.

"Kin rame."

"Ni? Haba Umma! Dubi fa, rigar da kika saya min yadinta ce. Yadda take min ranar farko haka take min yau." Ta juya a gabanta har da 'yar rangwaɗa.

"Matso nan."

Umma ta kama gefen rigar daidai ƙugu, ta murza da yatsa biyu. Ta sake murzawa. Fuskarta ta canza.

"Shiga ki cire ki kawo min."

Auta ta ɗaura zane ta saka hijabi, ta kawo rigar ba tare da ta san laifin da riga ta yi ba. Umma ta juya cikinta waje, ta shimfiɗa a cinya, ta ja ta zuwa hasken taga. Ga ɗinkin asali nan a gefe, zarensa ya ɗan koɗe. A gabansa kuma ga wani layi, ga wani, ga wani: layi uku sababbi, siri-siri, a jere kamar an ja da rula, yadin da ya yi saura an naɗe shi an kwantar da guga yadda fata ba za ta ji ba.

"Sau uku aka rage rigar nan," in ji Umma. Muryarta ƙasa-ƙasa.

Maɓalli. Guga. Zif. Auta ta dafe bango. Ashe duk ranar da ta ce ta ci yana wanka, ya sani! Ashe duk satin da take shafa gefen riga tana murna, shi ne ya bi ta a baya ya gyara mata ƙaryar! Kunya ta rufe ta har ta kasa ɗaga ido, hawaye suka ɓalle.

"Haɗa kayanki," in ji Umma.

A daidai nan aka yi sallama. Tela ne, ya rufe shago da wuri don ya gaida surukarsa, riƙe da leda mai lemo kwalba biyu. Yana ganin rigar a cinyar Umma, cikinta a waje, sai ledar ta kusa suɓuce masa. Ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Sannu, gwanin allura!" in ji Yaya. "Maimakon ka cika mata ciki sai ka rage mata riga? Wannan wace irin dabara ce, don Allah?"

"Gaskiya kika faɗa, Yaya." Kansa na ƙasa. "Umma, ki yafe min. Na ga tana ramewa, na san ba ta ci. Na yi niyyar yi mata magana ya fi sau goma, amma in na ce 'ba ki ci ba', sai in ce ta ci me? Na san a rigar nan take auna kanta. Na ji tsoron ranar da za ta saka ta ji tana yawo a ciki, ta tuna maganarki, hankalinta ya tashi. Abin da hannuna ya iya ke nan, shi na yi."

Auta ta ɗago za ta yi magana, sai idonta ya sauka a kan bel ɗinsa, da yake rigarsa ta ɗage wurin durƙuso. Bayan hujin kamfani akwai wasu huji uku, baƙaƙe, irin na ƙusa mai zafi.

"Oga," ta ce, "kwastomar da take aiko maka da abinci fa?"

Ya ja rigarsa ya rufe bel ɗin.

"Tambayarka nake!"

"Babu wata kwastoma, Auta. Sati uku ke nan ban yanka sabon yadi ba."

Ta zube a gefensa tana kuka mai sauti. "Umma, ni ba inda za ni! Wallahi ba shi ya hana ni ci ba, ni na hana kaina. In laifi ne, tare muka yi."

Umma ta mai da ido kan rigar. Har yanzu yatsanta na bin naɗin yadin nan, tana ɗagawa tana kwantarwa. Can ta ce, "Kai, ɗago. Duk telan da ya rage riga har sau uku, almakashi yake sawa ya datse saura, aiki ya yi sauƙi. Me ya hana ka yankewa?"

"Umma, ban yarda a haka za mu dawwama ba. Na bar shi ne saboda ranar da za a sake buɗa rigar."

Yaya ta daina kaɗa makulli. Umma ta sa bakin mayafi ta dafe idonta, ta daɗe a haka.

"Ni ya kamata in ji kunya," ta ce daga baya. "Na kafa wa 'yata sharaɗin da ya ɗinke mata baki. Gidana tafiyar mota ɗaya ce daga nan, amma ta gwammace ta kwana da yunwa da ta zo ta ce min, 'Umma, babu.' Na janye maganata, Auta. Zauna a ɗakinki."

Sai ta share fuska, muryar faɗa ta dawo. "Amma ku saurara, maƙaryata biyu! Daga yau faranti ɗaya za ku dinga ci, ido cikin ido. Kai kuma, ana kawo maka gyaran kaya?"

Ya sosa ƙeya. "Ana kawowa, Umma, ina mayarwa. Kada a ce mai ɗinkin zamani ya koma faci."

"Ji shirme! Shekara talatin ina ɗinki ban ga ragi mai tsafta irin wannan ba. Garin nan kowa ramewa yake, kowa ya kasa sayen sabo, kai kana zaune kana jiran yadi? Gobe a zo a ɗauki kekena a kawo wa Auta, ta iya takawa tun tana firamare."

Washegari Tela ya rubuta a kwali ya rataye a ƙofar shago: ANA RAGE KAYA, BA A YANKEWA. Ranar farko maƙwabtan shago suka yi ta tsokanarsa, ya haɗiye. Kafin sati biyu kaya sun taru a kusurwa: wandunan ma'aikata, kayan makarantar yaya da za a mayar wa ƙane, rigunan da aka ɗinka lokacin ana ƙoshi. Yana ɗebo wasu ya kawo gida, Auta tana farkewa tana takawa. Kaya ba su sauko a kasuwa ba, kuma ba su yi arziki ba. Amma gwangwanin sukari ya daina ƙara, kuma ƙwai ɗaya in ya zo, a gaban juna ake raba shi.

Wata rana da hantsi sai ga Yaya a ƙofar gida, babu mota, da ƙatuwar jaka a hannu. Ta leƙa hagu da dama kafin ta shigo.

"Tsofaffin kayana ne, a mayar wa yara. Kasuwar Abbansu ta... kin dai gane. Don Allah kada ki gaya wa Umma."

Auta ta karɓi jakar, ta jawo mata kujera. "Zauna, Yaya. Kin ci abinci?"

"Na ci kafin in fito."

Auta ta dube ta kawai. Yaya ta sunkuyar da kai, sannan ta ce a hankali, "Zubo min."

Bayan wata uku Tela ya sa reza ya farke layin farko. Da damina ta zagayo ya farke na biyu. Na ukun kuwa Umma ta ce babu mai taɓa mata shi, ita za ta farke da hannunta, don a lokacin Auta tana da cikin wata huɗu, zif ya ƙi hawa. Ta zauna a bakin taga inda ta zauna a wancan karon, tana tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya, tana mita wai wannan yaro ya cika matse ɗinki. Da ta gama ta girgiza rigar, yadin ya buɗe gaba ɗaya, babu inda ya yi ƙwauro.

Rashi ba abin kunya ba ne, 'yan'uwa, yana zagayawa kan kowa. Abin da ya kusa raba Auta da mijinta shi ne kunyar faɗa wa juna gaskiya. Duk wanda Allah ya haɗa ku zama, in wuya ta zo ku rage abin da za ku iya ragewa, ku yi haƙuri tare, amma kada ku sa almakashi.